Gidan kallon Wadata da shirinsa kan hauren giwa

A unguwar Wadata ta birnin Yamai akwai wani gidan kallo da aka fi sani da nuna ƙwallon ƙafa, amma mai gidan ya ware daren Alhamis domin fina-finan bincike. Da majigi ake haskawa a jikin farin bango, wani malamin makaranta kuma yana zaune gefe da makirufo yana mayar da bayanin cikin Hausa. Kuɗin shiga dala hamsin ne, wurin zama kuwa bencin katako. A makon jiya shirin da suka nuna ya shafi kisan giwaye da fasa-ƙwaurin haurensu.

Shirin kansa ya yi ƙoƙari wajen bin hanyar hauren tun daga daji har zuwa kasuwannin Asiya, inda ake sassaƙa shi a yi kayan ado. Ya nuna cewa yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashen duniya, ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, cewa Kenya ta cinna wa tan 105 na haure wuta a Nairobi a 2016, kuma ƙasar Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne yadda ake cire hauren. Da yake wani ɓangare nasa a cikin ƙashin kai yake, mafarauta da gatari suke sare fuskar giwar, su bar gawar ga ungulu. Da aka nuno ɗan giwa yana zagaya gawar uwarsa yana taɓa ta da hanci, wurin ya yi tsit, har mai sayar da shayi ya ajiye butarsa.

Sai dai a ganina darajar wannan gida tana wajen malamin da ke fassara, domin fim ɗin ya karkata ga gabashin Afirka, shi kuwa malamin ya jawo maganar har ƙofar gidanmu. Ya dakatar da majigin ya tuna wa jama'a cewa gandun dajin W, wanda muke tarayya da Benin da Burkina Faso, tare da na Arli a Burkina Faso da na Penjari a Benin, shi ne ke riƙe da giwaye mafi yawa da suka rage a yammacin Afirka, kuma rashin tsaro ya hana ma'aikatan gandun daji sintiri yadda ya kamata. Ya kawo labarin gandun dajin Zakuma a Chadi, inda giwaye kimanin 4,000 suka koma ƙasa da 500 cikin shekaru kaɗan, da na Buba Njida a Kamaru, inda mahaya dawakai suka kashe ɗaruruwa a 2012. Wani dattijo ya tambaye shi, «Malam, ba za su sake haihuwa su cike gurbin ba?» Ya amsa masa da cewa, «Baba, giwa wata 22 take ɗauke da ciki, kuma ɗa guda take haifa.» Wannan amsa ta fi mini tasiri a kan duk alƙaluman da fim ɗin ya jero.

Akwai gyara da ya kamata a yi. Muryar fim ɗin da ta mai fassara suna hawa kan juna, har waɗanda ke bencin baya ba sa jin komai sosai. Abin da ya fi damuna shi ne an bar yara ƙanana sun shigo ba tare da an gargaɗi iyayensu ba, alhali akwai wuraren da ko babba sai ya kau da kai. Da an sanar tun a bakin ƙofa, da an kyauta.

Duk da haka ina ba malaman makarantu da ɗalibai manya shawarar su je, su kuma zo da wuri su kama bencin gaba, domin bayan sallar isha'i ake farawa kuma wurin yana cika da sauri.