Wutsiya mai siffar T ko ta ƙasa: duba kafin ka sayi jirgi

In ka tsaya bayan jirgin sama, ɗaga kai ka dubi ƙananan fukafukan wutsiyarsa. A wasu jiragen suna ƙasa, manne da gangar jiki, kamar na Cessna 172 da Caravan. A wasu kuwa an ɗora su can ƙolin wutsiyar da ke tsaye, sai su yi siffar harafin T, kamar na King Air 350 da Pilatus PC-12 da Diamond DA40.

Mai neman jet na 'yan kasuwa ba shi da dogon zaɓi. Injunan Gulfstream da Learjet a gefen bayan jiki suke, dole a ɗaga fukafukan su kauce wa zafin iskar da injin ke fesowa. Dalilin ke nan Boeing 727 da DC-9 suka fito haka. Manyan jiragen dakon kayan soja irin su C-17 da Il-76 kuwa, wutsiyar sama ta bar musu fili a baya, mota na iya zuwa har bakin ƙofar lodi. Jirage marasa inji ma suna son ta, don in sun sauka a gona, ciyawa ba ta taɓa fukafukan.

Inda ake taka-tsantsan shi ne ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci. Iskar farfela na bugun wutsiyar ƙasa tun jirgi na tafiya a hankali, matuƙi ya ja sandar tuƙi hanci ya ɗaga nan take. Ta sama ba ta samun wannan iskar. Sai jirgi ya yi gudu sosai take amsawa, abin da ke damun mai tashi daga gajeren titi. Kamfanin Piper ya gwada ta a jirginsa Arrow IV a 1979, daga baya ya koma ta ƙasa. A ganina, a irin waɗannan jiragen ado ya fi amfani yawa.

Sai babban haɗarin wutsiyar T. In hanci ya ɗaga fiye da kima, rikitacciyar iskar da ta baro manyan fukafukai kan lulluɓe wutsiyar, matuƙi ya tura sanda jirgi ya ƙi sunkuyawa. Haka jirgin BAC One-Eleven na gwaji ya faɗi a Ingila a 1963. Shi ya sa da yawansu ke da na'urar da ke tura sandar gaba da kanta, PC-12 ma yana da ita. Kada ka biya ko sisi sai an gwada ta a gabanka.

Ga kuma ɗawainiya. Wutsiyar da ke tsaye tana ɗauke da kaya a ka, dole a ƙarfafa ta, nauyi ya ƙaru. Duba ƙanƙara ko tsatsa a can sama sai da tsani, abin da ido bai kai ba kuwa shi ake mantawa. Nemi takardun gyara ka ga yaushe aka shafa wa maɗaurin wutsiyar man giris, sannan ka auna tsayin ƙofar rumfar da za ka ajiye jirgin.