Aboki mai lasisi ko dillalin da ba ka sani ba?

Malam, ka tambaya wa za ka ɗauka ya nema maka gidan da za ka saya. Tsakanin abokinka mai lasisin harkar gidaje da dillalin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, ni abokin zan ce ka ɗauka, domin ta hannun irinsa na sayi gidan da nake zaune a ciki a Kano, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Abokin nawa tun sakandare muke tare, kuma yana da rajista da ESVARBON, hukumar da aka kafa a 1975 domin kula da masu aikin kimanta gidaje da filaye a Najeriya. Gidan farko da raina ya kwanta da shi ya sha sabon fenti, ga tayil har tsakar gida, ni da maiɗakina har mun raba ɗakuna a zuci. Shi kuwa ya ce ba za a yi maganar kuɗi ba sai mun koma bayan an yi ruwa, da yake watan Agusta ne. Ranar da aka kwana ana ruwan sama ya zo ya ɗauke ni da sassafe, muka tarar kwatar layin ta cika ta juyo cikin gidan, ruwa ya kwanta a zaure har idon sawu. Ya sa makulli ya ɗan kankare fentin ƙasan bango, sai ga siminti yana zubowa kamar gari saboda danshi. Nan take ya ce in haƙura da gidan, alhali ya san la'adarsa ce ta tafi, kuma sai da muka ƙara wata huɗu muna yawo kafin aka dace da wani.

Dillalin da ba ka sani ba, amfaninsa guda ne a wurina: idan bai yi maka ba, za ka sallame shi ba tare da jin nauyi ba. Ta hannun irinsa na taɓa sayen fili, daga baya ta bayyana na gado ne kuma ɗaya daga cikin magada bai amince ba, aka yi shekara biyu ana zaman sulhu kafin kuɗina su dawo, ba su ma dawo cif ba.

Sai dai abota tana zuwa da kunya, kuma kunyar ce ke ɓata irin wannan ciniki. Tun kafin ku fita duba gida ku yanke la'ada, ku rubuta ta a takarda, ka biya shi cikakkiya yadda za ka biya baƙo, kada ka nemi ragi da sunan zumunci. Ka tambaye shi kai tsaye ko mai sayarwa ma zai ba shi wani abu, domin wanda ke karɓa daga ɓangare biyu ba zai tsaya maka wajen tayi kamar yadda ya kamata ba. Ka kuma nemi lambar rajistarsa ka tabbatar da ita. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayarwa marasa amana, waɗanda har aboki mai ƙwarewa suna iya yaudara. Akwai masu sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, akwai masu jinginar da takardar gida a banki sannan su nuna maka kwafinta. Duk wanda ya ce ka biya yau domin wani alhaji na tafe da kuɗi gobe, ka bar masa gidansa. Ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda abokin ko mai gidan ya kawo ba, ya je hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano kake, ko AGIS a Abuja, ya bincika ko sunan da ke kan takardar shaidar mallaka shi ne na mai sayarwa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin mallakar gida mai irin wannan takarda ta koma hannunka, don haka sa hannun mai unguwa da shaidu kaɗai ba su wadatar ba.

Ka ɗauki abokinka, amma kada kobo ya fita daga asusunka sai lauyan ya dawo da sakamakon bincikensa a rubuce.