Sabon Camp Nou: aikin Limak, jinkirin shekara guda da abin da ɗan kallo ke samu da kuɗinsa

Ranar 22 ga Nuwamba 2025 Barcelona ta koma Camp Nou bayan sama da kwana 900 tana zaman haya, ta kuma lallasa Athletic Club da ci 4-0. Lewandowski ne ya fara jefa ƙwallo a raga, Ferran Torres ya ci biyu, Fermín López ya ci ɗaya. Sai dai mutum 45,401 kaɗai hukumar birnin ta yarda su shiga filin da ake ginawa domin ya ɗauki kimanin 105,000. Alkawarin da shugaban kulob Joan Laporta ya yi wa magoya baya kuwa shi ne za a dawo a Nuwamba 2024, daidai da cikar kulob ɗin shekara 125. An makara da shekara guda cur, kuma abin da aka buɗe bai kai rabin filin ba.

Duk wanda ya san harkar gini ba zai yi mamakin jinkirin ba. Abin da ya ɓata wa 'yan kallo rai shi ne ranakun da aka riƙa yankewa ana sanarwa alhali takardun izini ba su shigo hannu ba.

Tun a 2014 mambobin kulob suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da shirin Espai Barça, wato shirin sabunta Camp Nou da kewayensa, a kan Yuro miliyan 600. A 2016 kamfanin Nikken Sekkei na Japan ya ci gasar zanen. Daga nan aikin ya kwanta, annobar korona ta zo, bashi ya yi wa kulob katutu. A Disamba 2021 mambobi suka sake amincewa a ciwo bashin da zai kai Yuro biliyan 1.5, sannan a Afrilu 2023 aka kammala yarjejeniyar biliyan 1.45 ta hannun bankunan Goldman Sachs da JP Morgan. Kwangilar ginin ta faɗa hannun Limak na Turkiyya a Janairu 2023, kamfanin da ya fi shahara a manyan ayyuka irin su filin jirgin saman Istanbul, ba a filayen ƙwallo ba. Farashi mai sauƙi da gajeren wa'adi ne suka ba shi galaba a kan manyan kamfanonin Sifaniya. An buga wasan bankwana da Mallorca ranar 28 ga Mayu 2023, aka fara rusau a watan Yuni. Ke nan wata 17 aka ba aikin kafin a dawo da wasa. A nan matsalar ta samo asali.

Dalili kuwa, wannan aiki ba gini ne a fili fetal ba. An rushe hawa na uku gaba ɗaya, an sake fasalin hawa na ɗaya, an bar hawa na biyu a tsaye domin a gyara shi. Wannan hawa na biyu siminti ne na filin da aka buɗe a 1957. Tsohon siminti ba ya nuna ciwonsa sai an ɓare shi: danshi ya ratsa, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura, fatar simintin ta tsattsage. Kowane wuri irin wannan sai an sassaƙe shi har zuwa ƙarfe, a goge tsatsar, a shafa maganin kariya, a sake cikewa, a jira ya bushe. Aikin hannu ne, yawan injina ba ya gaggauta shi. Kulob ɗin da kansa ya ce lalacewar da aka tarar ta zarce yadda aka zata. Gaskiya ne, amma gini mai shekara sama da 60 ai dole a yi masa wannan zaton tun wajen lissafin wa'adi.

Sai batun unguwa. Camp Nou yana tsakiyar Les Corts, gidajen jama'a sun kewaye shi, don haka akwai iyakar sa'o'in da za a yi aiki mai ƙara da shigar manyan motoci. An riƙa neman ƙarin sa'o'i daga hukumar birni ana samu kaɗan-kaɗan, mazauna unguwar kuma suna ƙorafi. Ga ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, ga kuma binciken da masu sa ido kan ƙwadago suka yi a kan wasu ƙananan 'yan kwangila saboda albashi da sa'o'in aiki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai faɗo daga sama ba.

Inda magoya baya suka fi ruɗewa shi ne bambancin gama gini da samun izinin shigar da jama'a. Hotuna suna ta yawo, ga ciyawa shar, ga kujeru shuɗi da ja an jera, mutane na tambaya me kuma ake jira. Abin da ake jira ba ya fitowa a hoto. Da farko injiniyoyin da ke kula da aikin su sa hannu a takardar kammala ɓangaren da ake son buɗewa. Sai wani kamfani mai zaman kansa da hukuma ta amince da shi ya tantance. Bayan nan 'yan kwana-kwana da 'yan sandan birni su zaga da ƙafarsu, sannan hukumar birni ta ba da lasisin fara amfani. 'Yan kwana-kwana ba ruwansu da kyan ciyawa. Suna duba faɗin hanyoyin fita, ƙarfen dafawa a matakala, alamomin da ke nuna ƙofa idan wuta ta ɗauke, na'urorin gano hayaƙi, da hanyar da motar kashe gobara ko ta asibiti za ta bi ta iso. Mafi wuya a filin da ake kan ginawa shi ne raba hanyar 'yan kallo da wurin aiki: idan ƙofar gaggawa ta buɗe ta kai mutum cikin tarin ƙarfe da shinge, to ba a lissafa ta a ƙofa. A Satumba 2025 hukumar birni ta fito fili ta ce akwai gyara a hanyoyin fitar da jama'a, ta ƙi ba da izini.

Haka aka yi ta ɗage rana. Nuwamba 2024 ta wuce, aka ce farkon 2025, aka ce ƙarshen kaka. Aka yi talla mai zafi cewa kofin Joan Gamper, wasan sada zumuncin share fagen kaka, na 10 ga Agusta 2025 shi ne ranar dawowa, ƙarshe da Como aka buga shi a ƙaramin filin Johan Cruyff mai cin mutum 6,000. La Liga ta yi wa Barcelona alfarmar buga wasanni ukun farko a waje, duk da haka filin bai samu ba. Wasan Valencia da na Getafe su ma a Johan Cruyff aka yi su, na Valencia saboda an riga an ba da Montjuïc, filin da kulob ɗin ke zaman haya a cikinsa, don wasan mawaƙi. Kulob mai mambobi sama da dubu ɗari yana karɓar baƙi a gaban mutum 6,000, wannan shi ne mafi munin abin da rashin tsari ya jawo.

Tottenham ma ta sha irin wannan. An shirya buɗe filinta a Satumba 2018, matsalar na'urorin kariya daga gobara ta kai shi Afrilu 2019. Valencia kuwa ta fara Nou Mestalla a 2007, kuɗi suka ƙare a 2009, ba a koma aiki ba sai 2025. Idan aka jera su, jinkirin Barcelona matsakaici ne.

Lasisin an kasa shi mataki-mataki. Matakin 1A, wato babbar tiribin (babban ɓangaren kujerun gefen fili) da bayan ragar kudu, mutum 25,991. Matakin 1B ya ƙara ɓangaren da ke fuskantar tiribin, jimilla 45,401, kuma da shi aka buɗe. Matakin 1C shi ke ƙara bayan ragar arewa ya kai adadin kusan 62,000. Sauran duk yana hawa na uku. Kulob ya samu 1A tun a Oktoba 2025 amma ya ci gaba da zama a Montjuïc, kuma wannan shawara ce mai kyau: barin fili mai cin kusan 50,000 don komawa mai cin 26,000 asara ce tsagwaronta.

To me ɗan kallo ke samu? Wajen ganin wasa, ba a haɗa Camp Nou da Montjuïc. Can filin gasar Olamfik ta 1992 ne, titin tsere ya raba 'yan kallo da ciyawa, ga hawan tudu, ga iskar hunturu. Shi ya sa a kakar farko masu tikitin shekara da suka bi kulob zuwa can ba su kai 20,000 ba, daga cikin sama da 80,000. A Camp Nou kujera tana kusa da wasa, kuma zuwa da sauƙi ta jirgin ƙarƙashin ƙasa: layin L3 a sauka Palau Reial ko Les Corts, layin L5 a sauka Collblanc ko Badal. Ya kamata mutum ya duba ƙofar da aka rubuta a tikitinsa kafin ya zaɓi tasha, domin shingen aiki yana hana zagaya filin yadda aka saba, kuma ya isa da wuri.

Rufi babu ko kaɗan a wannan mataki. Tsohon filin ma babbar tiribin kaɗai ke da rumfa, ita ma an cire ta, don haka ranar ruwa mai tikitin tsada da mai na araha jiƙewa ɗaya za su yi. A lokacin buɗewar, rashin rufi da wofintaccen bayan raga sun kuma riƙa barin sauti ya tsere sama. Ga shi rukunin masu waƙa da tambura, wanda kulob ya rufe tun Nuwamba 2024 kan rikicin biyan tara, bai kasance a wasan dawowar ba. Tikitin wanda ba mamba ba a wasan Athletic ya tashi daga kusan Yuro 200 zuwa sama da 500. A fili marar rufi da injinan ɗaga kaya ke leƙowa ta samansa, wannan kuɗi ya yi yawa. Wanda zai yi tafiya mai nisa sau ɗaya a rayuwa don ya ga Camp Nou gara ya jira hawa na uku.

Tsadar tana da tushe. Kulob ya ƙiyasta cewa cikakken filin zai riƙa kawo kusan Yuro miliyan 247 a shekara, kuma a kan wannan aka ɗora biyan bashin. Shi ya sa aka saka zobe biyu na ɗakunan manyan baƙi tsakanin hawa na biyu da na uku. Jinkirin har rajistar 'yan wasa ya taɓa: a farkon 2025 an sayar da kujerun alfarma 475 na tsawon shekara 30 a kan Yuro miliyan 100 don a cika ƙa'idar kuɗi ta La Liga a samu damar yi wa Dani Olmo da Pau Víctor rajista, daga baya masu binciken asusu suka ƙi lissafa kuɗin saboda ba a gina kujerun ba tukuna. An kuma ruwaito cewa kwangilar tana da tarar Yuro miliyan 1 a kan kowace ranar makara, amma shugabannin kulob sun nuna ba Limak suke ɗora wa laifin ba. Idan wa'adin da ya ci kwangila ba shi da hukunci in an saɓa shi, mambobi suna da hujjar tambayar yadda aka auna shi da na sauran kamfanoni.

Babban aikin da ya rage shi ne rufin. Na igiyoyin ƙarfe ne: ana kafa zoben ƙarfe a saman hawa na uku, a shimfiɗa igiyoyin a ƙasa a kan fili da kujeru, sannan a ja su sama a hankali daga kowane gefe lokaci guda har su ɗaure. Ba a fara shi sai hawa na uku ya haɗe zagaye, kuma ba a buga wasa yayin da igiyoyi ke kwance a kan ciyawa. An tsara shi a bazarar 2027, yana buƙatar kimanin wata 4, hutun ƙarshen kaka kuwa bai kai wata 3 ba. Mai shirin sayen tikitin farkon kakar 2027/28 kada ya biya kuɗin jirgi da masauki sai ya ga sunan filin da za a buga wasan a sanarwar La Liga.