Processing ko p5.js: Da Wanne Zan Fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana son koyon rubuta manhaja don zane, hoto mai motsi da sauti, ba ka taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, an kuma ambata maka Processing da p5.js ka rasa wanda za ka kama. Ni dai p5.js zan ce ka fara da shi, amma bari in nuna maka dalili.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Casey Reas da Ben Fry ne suka ƙirƙiro Processing a 2001 a MIT Media Lab da ke Amurka, domin masu zane da ɗalibai, suka gina shi a kan yaren rubuta manhaja mai suna Java. A 2013 Lauren McCarthy ta fara p5.js, tunanin dai shi ne, amma da JavaScript, yaren da burauza ke ji. Shi ya sa tsarinsu ɗaya: akwai setup() mai gudana sau ɗaya tak a farko, sai draw() mai maimaita kansa kusan sau 60 a daƙiƙa. Rubuta ellipse(mouseX, mouseY, 30, 30); a cikin draw(), ka ja linzami, za ka ga da'ira na bin hannunka tana barin sawu a allo. Ka sa background(255); a samansa, sai sawun ya ɓace, don kowane zagaye ana share allon kafin a sake zanawa. Duk hoto mai motsi daga nan ya samo asali, kuma layukan nan biyu ba ka canja ko harafi ɗaya tsakanin yarukan.

Inda suka rabu shi ne wajen hali. Processing yana da tsauri. Dole ka faɗa masa ko lambarka cikakkiya ce, wato int, ko mai ɗigo ce, wato float. Ka rubuta float rabi = 1/2; sai ya ba ka sifili, domin a wurin Java raba cikakkun lambobi biyu cikakkiyar lamba yake haifarwa. A p5.js kuwa, let rabi = 1/2; zai ba ka 0.5 kamar yadda hankalinka ya zata. Ka manta alamar ; a ƙarshen layi, Processing ba zai ma tashi ba. Wannan tsaurin yana koyar da tsabtar aiki, na yarda, amma a makon farko yana karya gwiwar mutane da yawa.

Sai batun shiga. Processing sai ka sauke ka girka a kwamfuta, daga nan ba ruwanka da intanet. Shi kuma p5.js, ka buɗe editor.p5js.org kawai ka hau aiki, in ka gama ka tura wa aboki adireshin ya buɗe har a wayarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ganin wani yana wasa da abin da ka gina shi ke sa ka koma washegari.

Kan sauti, ka kula: burauza ba ta yarda sauti ya fara da kansa sai an latsa wani abu a shafin. In ka ji shiru, ba lallai ne kuskurenka ba.

Processing ya fi dacewa in za ka motsa dubban siffofi lokaci ɗaya, ko ka haɗa da Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi, wanda manhajar rubuta masa umarni ma daga Processing aka samo ta. Ranar da ka kai nan, ƙaura ba za ta yi maka wuya ba: createCanvas() ya koma size(), function ya koma void.

Darussan Daniel Shiffman a tasharsa ta The Coding Train a YouTube suna farawa daga tushe, da Turanci suke. Aikinka na farko: ƙwallo da ke faɗowa ta daki ƙasan allo ta koma sama. Ka tuna ƙidayar tana farawa ne daga kusurwar sama ta hagu, saboda haka ƙara wa y lamba, wato nisan ƙwallon daga saman allo, ƙasa yake kai shi.