Fentin da ya kamata a saya don koyar da kimiyya, lissafi da labarin ƙasa

Malami ko mahaifin da ke son yaro ya fahimci darasi ta hanyar zane, ya fara tantance irin fentin da zai saya, domin ba kowane fenti ne ke koyarwa ba. Fentin mai a ajiye shi gefe tun yanzu: yana kwanaki bai bushe ba, kuma sai da sinadari mai ƙauri ake wanke buroshinsa. Akirilik kuwa da zarar ya bushe ya zama roba, buroshi ya tafi, rigar makaranta ma ta tafi. Fentin fosta ba laifi idan babban kwali za a cike don manna wa bango, amma yana rufe duk layin fensir da ke ƙarƙashinsa.

Ni dai fentin ruwa nake saya, shi nake kuma ba kowa shawara. Yaro zai zana ganye da fensir, ya rubuta sunan kowane sashe, ya shafa kore a kai, jijiyoyin ganyen da rubutun suna nan ana gani. Da irin wannan fentin Maria Sibylla Merian, mai zane kuma mai binciken ƙwari haifaffiyar Jamus, ta zana yadda tsutsa ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi, bayan ta tafi ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699. A taswira, shuɗi ɗaya ya wadatar: a ƙara ruwa a nuna gaɓar teku, a rage ruwa a nuna zurfi. Ga lissafi kuma, a ɗiga rawaya biyu da shuɗi ɗaya, sannan a juya, shuɗi biyu rawaya ɗaya, yaro ya ga kore iri biyu da idonsa, ya gane abin da 2:1 ke nufi. A goga kyandir a takarda a shafa fenti a kai, ruwan ya ƙi zama. Ko tarihi yana ciki: shuɗin da ake kira altiramarin daga dutsen lapis lazuli na Badakshan a Afganistan ake haƙo shi, kafin a iya haɗa shi a Faransa a shekarun 1820.

Sai dai jabu ya cika kasuwa, kuma ya taɓa cin mu. An kawo mana wani akwati mai launi barkatai, kwalinsa sai sheƙi yake. Ashe alli ne aka rina. Yara suka haɗa rawaya da shuɗi suka sami launin laka, darasi ya watse, da ya bushe kuma ya riƙa kakkaɓewa kamar gari. Don haka kada yawan launi ya ruɗe ka. Launi 12 na kirki sun fi 48 na banza. A jiƙa yatsa a goga: na kirki zai narke sumul, na jabu zai bar ƙura fari-fari. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan rubuta lambar sinadarin launi, kamar PB29, wato lambar altiramarin.

Maganar guba ta fi damuna, tunda ƙananan yara suna tsotsar buroshi. Kowa na iya buga “ba guba” a kwali. A nemi tambarin AP na ACMI, ƙungiyar Amurka da ke tantance lafiyar kayan zane, ko EN 71, ƙa'idar lafiyar kayan wasan yara ta Turai. Mai tambarin CL, wato tambarin gargaɗi na ACMI, ba na yara ba ne. ASTM D-4236 kuwa yana nufin an duba an rubuta gargaɗin da ya dace, ba shaidar cewa babu haɗari ba ce. Masu jabu har tambarin suna kwaikwaya, saboda haka akwatin da ba sunan kamfani ba adireshi, a bar shi inda yake. Duk launin da aka ce akwai kadmiyam ko dalma a ciki, kada ya shiga aji.

Takarda ma a kula: mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ba ta saurin lanƙwashewa, ta littafin rubutu kuwa yagewa take da zarar ta sha ruwa. Buroshi mai zagayen baki, lamba 8, ya isa yawancin aikin aji.