Gidan kallon ƙwallon Amurka a Wuse da sha'anin jan ƙyalle

Tun watan Satumba nake zuwa wani gidan kallo da ke Wuse, a Abuja, inda ake nuna gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kowace Lahadi da ƙarfe 6 na yamma. Kujerun suna da kyau, injin wuta kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai gidan yake rage sauti ya yi wa baƙi bayani a duk lokacin da koci ya jefa jan ƙyalle cikin fili domin ƙalubalantar hukuncin alƙalin wasa.

Wannan tsari ya fara ne a 1999. Kowane koci yana da damar ƙalubale sau 2 a wasa guda, kuma daga 2024 idan ya yi nasara ko da sau 1 ne, ana ƙara masa ta uku. Idan kuwa aka sake duba bidiyo ya tabbatar da hukuncin alƙalin, sai ya rasa ɗaya daga cikin hutun dabara 3 (damar tsayar da wasa na ɗan lokaci) da yake da su a rabin wasan. Shi ya sa ake ganin koci ya riƙe ƙyallen a hannu, kunnensa na sauraron mataimakansa, zuciyarsa na ɗar-ɗar. A mintuna 2 na ƙarshen kowane rabi, jami'an bidiyo kaɗai ke da ikon sake duba hukunci.

Ƙorafina ɗaya ne: allon gefen hagu ya yi ƙanƙanta, har wanda ke zaune a can ba ya iya tantance ko ƙafafu biyu na mai cafke ƙwallo sun taɓa cikin fili.