Gidan tuwon Xiaobei: ra'ayina ga sabbin zuwa aiki Guangzhou

Duk wanda aiki ya kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin ina ba shi shawara ya nemi gidan abincin nan na wata Hajiya 'yar Nijar da ke unguwar Xiaobei, ba nisa da tashar jirgin ƙasa layi na 5. Babu allo a ƙofa, a saman bene yake, sai dai ka tambayi 'yan uwa su nuna maka.

Abincin dai Alhamdulillah. Tuwon shinkafa miyar kuka, daddawar ma ta gida ce 'yan kasuwa ke shigo mata da ita a jaka, tun daga matakala za ka ji ƙamshi. Ya fi taliyar Lanzhou ta Musulman Sin tsada sosai, gurin kuma matsattse ne, lokacin baje kolin Canton a Afrilu da Oktoba kam in ka makara sai ka tarar miya ta ƙare.

Amma gaskiya abin da ya sa nake yabon gurin shi ne mutanen da ake zama da su. Sabon zuwa yana shigowa fuska a murtuke wai abokan aikinsa ba sa gaisuwa, ka ce ina kwana a ɗaga maka kai kawai a wuce, ba ya gida ba ya iyali, shi yana ganin wulaƙanci ne, tsofaffin zama su zaunar da shi su ce haka suke ko a junansu, kar ka sa a rai. A nan ake koya maka ka miƙa katinka na aiki mai ɗauke da sunanka da lambarka da hannu biyu, kar ka ba oga kyautar agogo don suna danganta shi da mutuwa, da yadda za ka ƙi giya a liyafar kamfani ba tare da ka kunyata shi gaban yaransa ba, ka ɗaga kofin shayi kawai. Juma'a ranar aiki ce a nan, su za su faɗa maka yadda ake neman izini tun farkon mako.

Wallahi na ga samarin da kaɗaici ya kusa mayar da su gida, ga tazarar awa 7 da Najeriya, kai kana tashi aiki iyalinka na tsakiyar hidima. Zaman gurin nan ya riƙe su.

Ku sa WeChat Pay, manhajar biyan kuɗi, a waya kafin ku je, canji yana mata wahala.